Ƙara wa Tsohuwa Mai

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Ina sharar rumfar inji na tsinci littafin nan a bayan galan, duk ya sha maiƙo. Na Malam ne, a ciki yake rubuta ranar da ya wanke inji, ranar da ya ƙara gas, ranar da ya duba mai. Tunda mai shi ba ya rubutu yanzu, sai na juyo shi ta baya na fara nawa. Rabona da dogon rubutu tun da na bar koyarwa a firamare, ga hannun nan yana tafiya kamar na 'yar aji biyu.

Yau kwanansa tara da dawowa daga asibiti a Funtuwa. Abin da ya faru waccan Larabar da ɓarin jikinsa ya shanye ba zan rubuta ba, ganin da na yi masa sau ɗaya ya ishe ni. Yana kwance a ɗakin soro, fuska ga bango, ba ya magana. Likita ta ce mini harshen da ƙafar da hannun daman duk suna iya dawowa, amma a 'yan makonnin nan na farko ake kama su, kuma sai in shi ya so. Ta ce, "Mama, mu magani muke bayarwa, son tashi kuwa ba mu da shi a kanta." To, shi ne fa ba ya so. Mutumin da shekara talatin da biyu ban taɓa kayar da shi a gardama ba, yau in na yi masa magana sai ya rufe ido.

Ɗakin sanyinmu kuwa bai ma san an yi ba. Yana nan jikin katangar gida, cike da kifin 'yan kasuwa da ƙanƙara da ƙoren nonon matan Fulani. Injin da ke sanyaya shi, wato kwamfuresa, Tsohuwa Malam yake ce mata, don ta girmi 'yarmu Sadiya, ga ta da mita ba dare ba rana. Abu na ƙarshe da ya rubuta a kanta shi ne: "Ta yi yoyon mai ta murfin gefe, na ɗaure ya tsaya. A ƙara mai kafin damina."

Talata, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Ya sha kunu cokali huɗu. A na biyar ya kau da kai.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau na yi dariya. Bari in rubuta da ɗuminsa.

Ɗanasabe ya zo daga ƙauyensu can bayan Kafur. Abokin Malam ne tun suna kiwon awaki, kuma Bamaguje ne har gobe. Shekara arba'in Malam yana yi masa wa'azi, shekara arba'in yana cewa a bari sai an gama girbi. Ya shigo da zabi biyu a hannu, ya tsaya a kan Malam ya ce, "Ummaru, kai ne kwance haka sai ka ce buhun taki? Tashi don Allah. Jan zakara na yanka maka gindin tsamiya, kar ka sa a ce aikina ba ya ci."

Da can wannan maganar kaɗai ta isa su kai magariba suna musu. Yau ko motsi Malam bai yi ba. Ɗanasabe ya fito idonsa jajur, ya zauna a rumfar inji, wadda take daidai ƙarƙashin tagar ɗakin soron. Don kada in ga fuskarsa sai ya koma kan Tsohuwa. Ya kasa kunne, ya ce da wannan muryar tasa ta kiran mutum daga wata gona, "Hajo, tsohuwar nan ƙishi take ji, ba ki jin kukanta? Akwai sauran baƙin man injin ban-ruwa a babur ɗina, kawo mazurari in ɗura mata. Mai ai mai ne."

Ban kai ga ba shi amsa ba muka ji kwanon sha ya daki ƙofa. Sai wani gurnani ya biyo baya. Muka kwasa a guje, ni da shi har muna karo a bakin ƙofa. Malam ya juyo. Shi da kansa, ba wanda ya juya shi. Idon nan ya yi wuta, hannun hagu yana nuna Ɗanasabe, baki yana ta kokawa, can sai ya fito: "A... a'a!"

Ɗanasabe ya ce, "Aradu a'a ya ce! Hajo, kin ji? Ni ya ce ma a'a!" Tsoho da furfurarsa ya kama tsalle a tsakar ɗaki. Ni kuwa na jingina da bango ina dariya hawaye na zuba, ban san wanne ya fi yawa ba. Malam ya bi mu da harara ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin harara mai kyau irin wannan ba.

Da yamma ya cinye cinyar zabo guda.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan asuba

Na gano maganin. Lallashi ba ya yi masa, addu'ar masu dubiya ba ta juyo da shi, hoton jikansa ma da na nuna masa rufe ido ya yi. Amma a ce za a ɓata masa inji, to ko a kabari yake sai ya ɗaga kai.

Gaskiyar magana, ni na san Tsohuwa ciki da bai. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wa ke riƙe masa tocila? Wa ke miƙa sufana tun kafin ya ce a miƙo? In ya tafi gyara Tsiga ko Mahuta ya kwana biyu, wa ke leƙa geji, agogon nan mai auna ƙarfin gas? Sai dai shi a wurinsa ni mai riƙe tocila ce kawai, ban kuma taɓa gyara masa wannan tunanin ba, don namiji yana son a bar masa wani abu da shi kaɗai ya iya. Na san man kwamfuresa daban yake, fari ne tas kamar zuma sabuwar tata, ba a haɗa shi da wani, ba a kuma barin galan ɗinsa a buɗe don yana shan damshi. Daga yau duk na manta. Daga yau Hajo ba ta san bambancin sufana da ludayi ba.

Allah ka yafe mini, ƙaryar magani ce.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da hantsi

Na ce masa ɗakin ya yi zafi, bazarar bana ba ta wasa, gara ya sha iska a rumfa. Maƙwabta biyu suka kama, aka zaunar da shi a kujerar roba, na tokare ɓarin daman da filo. Ya ɗaure fuska kamar an kawo shi kotu.

Na ɗauko tocila na tsuguna gefen Tsohuwa. A cikinta akwai ɗan gilashi zagayayye, bai fi bakin kofin shayi ba, ta nan ake ganin inda mai ya tsaya. Na haska can wajen fanka, na ce, "Malam, nan ne ake duba man ko? Ni dai ban ga komai ba." Ya yi tsaki. Tsaki fa! Kwana nawa rabon gidan nan da tsakinsa. Ya nuna ƙasa da hannun hagu. Na koma kan waya na haska. Ya buga hannun kujera. Sai da na zagaya injin nan kaf, har da leƙa ƙarƙashin janareta, sannan na "gano" gilashin. Mai yana ƙasa da rabi, ya kusa kwata. Ba gaggawa, amma ba a yi sake ba.

Daga nan na ɗauki sufana ta wajen baki na riƙe, na ce zan ɗan ɗaure wancan jan abin don na ga kamar ya saki. Jan abin nan bawul ne, marufin hanyar gas, in ka rufe shi tana aiki ka gama da ita. Malam ya yunƙuro har filo ya faɗi. Na lura ƙafar daman ta ja baya, ta taka ƙasa, kamar mai shirin miƙewa. Na yi kamar ban gani ba, na shige madafa na toshe bakina da mayafi.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan magariba

A'a sau goma sha ɗaya yau. Na ƙirga da ƙwayar gyaɗa.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan azahar

Sadiya ta kira daga Zariya, na ba ta labari ina jin daɗi, sai ta hau ni da faɗa. "Haba Inna! Mutumin da aka ce a kiyaye masa hawan jini shi kike tunzurawa? In wani abu ya sake faruwa fa?" Na ce ke da kika zo duniya jiya za ki koya mini ubanki? Amma da na ajiye wayar sai na kasa cin abinci.

Da Malama Amatullah ta zo, ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa yi masa gashi da motsa gaɓoɓi, na ja ta gefe na faɗa mata komai. Ta auna shi, ta duba, ta sake aunawa. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Mama, mu mun yi makaranta shekara da shekaru ba a koya mana wannan ba. Jininsa lafiya lau. A riƙa tsokanarsa kaɗan-kaɗan, kamar gishiri a miya, amma kada a ƙure shi." Ta ce da ma abin da ke ba ta wahala shi ne ba ya taya ta, sai ya sakar mata ƙafa kamar ba tasa ba. Yau kuwa da ta ce ya tura, ya tura har ta ja da baya.

Na zuba mata ƙanƙara a leda ta tafi da ita.

Asabar, 26 ga Afrilu, da yamma

Ya tsaya da ƙafarsa, yana dafe da ginshiƙin rumfa. Dalili kuwa, na ɗauko bokitin ruwa na ce Tsohuwa ta yi zafi, zan yi mata wanka. Ɗanasabe yana nan, ya kawo tumatirin ƙarshen rani a ajiye masa, shi ya tare shi ta baya. Ya ce, "Ummaru, ka bar ta mana, tsabta ai cikon addininku ce." Malam ya ɗaga hannun hagu zai kai masa duka, ya tuna da shi yake dafe, ya fasa.

Na tafasa zogale na kwaɗa da ƙuli, mu uku muka ci a rumfa, inji yana ta mitarsa. Na daɗe ban ji gidan nan ya zama gida kamar yau ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Garin neman ƙiba na samo rama.

Mutanen masallacinsu suka zo dubiya, su biyar, suka same shi a rumfa. Daɗi ya kwashe ni, na ce bari in nuna musu yadda ya samu sauƙi. Na fito da kwalbar man gyaɗa, na ce daga bakin ƙofa, "Malam, ga man na kawo, ta ina ake zubawa?" Suka fashe da dariya. Shi kuma ya buɗe baki zai yi magana, a gaban mutanen da shekara ashirin shi ke raba musu gardama. Bakin ya ƙi. Ya sake gwadawa. Abin da ya fito ba magana ba ce, kuma sai da na zo da gefen zanena na goge masa haɓa. Dariyar ta tsaya cak. Wani ya ce Allah ya ƙara sauƙi, suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Bai harare ni ba. Da ma harara ya yi. Ya nuna ɗaki kawai, aka mayar da shi.

Ni na yi wannan. Ba ciwo ba, ni.

Talata, 29 ga Afrilu, da safe

Fuska ga bango.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan azahar

Bango. Kunu cokali uku.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Na duba gilashi, mai yana kan kwata. In ya ƙara sauka Tsohuwa za ta fara cin kanta. Zan iya yin aikin nan ni kaɗai kafin a tafasa shayi, ko in kira Mudi daga Funtuwa, wanda ya koyi sana'a a hannun Malam, yanzu har yana da shagonsa da 'ya'ya huɗu. Amma ko wanne na yi, Malam zai ji ta taga, zai kuma gane an iya ba da shi. Ina tsoron in ya gane haka ba zai sake juyowa ba.

Na shiga na zauna a bakin gadonsa, bayansa nake kallo. Na ce, "Malam, na yi laifi. Na kunyata ka a gaban mutane, ban kyauta ba, ka yafe mini." Na ƙara da cewa, "Ba zan sake kawo kowa rumfa ba. Amma man nan sai an ƙara, kuma ba zan bar wani ya taɓa ta ba sai kana wurin. In ta mutu, ta mutu, kifin mutane ya ruɓe, in fita in ba su haƙuri." Na jira har ƙafata ta yi sanyi. Bai juyo ba, sai dai na ga idonsa a buɗe yake.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan azahar

Kwana biyu ina neman littafin nan. Na zazzage madafa, na zargi ɓera, na zargi 'ya'yan maƙwabta. Yau ina canza masa zanen gado sai ga shi a ƙarƙashin filo. Inna lillahi! Ashe ranar Juma'a ya yi ta nuna wa Malama Amatullah rumfa yana kwatanta rubutu da yatsa, ita kuma baiwar Allah ta ɗauko ta ba shi.

Na tsaya da littafi a hannu. Ya karanta? Na leƙa fuskarsa, ba abin da ta nuna, yana kallon silin kamar mai lissafin kwanon rufi. Na lallashi kaina da cewa nasa shafukan na gaba ya duba, wa zai juya littafi ta baya? Kuma tabaraunsa yana cikin aljihun rigar da na wanke. Kai, bai karanta ba.

Amma dai yau silin yake kallo, ba bango ba. Ya kuma cinye tuwonsa.

Talata, 6 ga Mayu, da yamma

Hadari ya haɗu ta gabas ya watse, manoma sun fara kai taki gona. Na ce, "Malam, damina ta ƙwanƙwasa ƙofa." Ya ɗaga yatsa biyu na hagu. Na ce, "Jibi?" Ya gyaɗa kai. Na fita tsakar gida na yi 'yar rawa, kaji ne kaɗai suka gani.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Hannuna har yanzu ƙanshin mai yake, ga shi nan ya ɓata takarda. Ba komai, littafin ya saba.

Da sassafe na sa sakata a ƙofar gida, na ce wa masu ƙanƙara su dawo da azahar. Ni na kai shi rumfa, yana dafe da kafaɗata, taku goma sha huɗu muka yi da hutu biyu. Na jera kaya a kan tabarma: sufana, geji, famfon hannu da tiyonsa, tsumma mai tsabta, da sabon galan da ba a fasa ba. Na ce, "To Malam, ni dai hannu ce, kai ne kai. Abin da ka nuna shi zan yi." Na yi niyyar yau ba tsokana, sai dai in ci gaba da zama marar sani, don ya ji da shi ake yi.

Ya nuna geji, na ɗaura. Ya nuna bawul ɗin da gas ke shigowa ta nan, ya juya yatsa, na rufe a hankali. Muka zuba wa allurar geji ido tana sauka, tana sauka, da ta kusa ƙasa ya ɗaga hannu, na kashe inji. Rumfar ta yi tsit, har ina jin kurciya a kan darbejiya. Ya nuna ɗaya bawul ɗin, na rufe. Na kwance murfin ramin mai, ɗan gas ɗin da ya rage ya yi huci ya fita. Na fasa galan, na tsoma famfo. Sai ya buga kujera, ya nuna bakin tiyo. Na ce, "Me kuma?" alhali na sani sarai: sai an tura mai ya cika tiyon ya kori iskar ciki tukuna. Na bar shi ya kwatanta sau biyu, sannan na yi. Ya gyaɗa kai irin na malamin da ya samu daƙiƙin ɗalibi ya gane.

Na fara bugawa. Ga tocila a hannu ɗaya, ga famfo a ɗaya, man yana hawa a gilashi sannu a hankali, gwanin kyau. Ya wuce kwata. Ya kai rabi. Na tsaya na dube shi, don nan ne wurin tsayawa.

Ya yi mini alama da hannu in ci gaba.

Na ce a raina ko daga inda yake zaune ba ya gani sosai. Na ƙara bugu ɗaya. Ya sake alama, ci gaba. Na ce, "Malam, ya kai rabi fa." Ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannun sama har saitin goshinsa, wato in cika gilashin fal. Na ce a raina shi ke nan, ashe ciwon ya taɓa har sanin da ke kansa, ni ina nan ina murna. Hajo marar sani dai cikawa za ta yi, tunda an ce ta cika. Na riƙe famfon nan, ban buga ba. Ya buga kujera, ya nuna galan da ƙarfi.

Ban san lokacin da na saki famfon ba. Na ce, "Wallahi Malam ba zan ƙara ko ɗigo ba! Kai da bakinka kake cewa mai ba ya wuce rabi. Akwai wanda ya bi gas yana cikin bututu, in ta tashi zai dawo, ina za shi in na cika? Ta kwashe shi ta buga a kai, ta fasa farantin bawul ɗin cikinta, mu zauna muna kallon juna? Shekara talatin ina jin kana faɗa wa yaranka, yawan mai ya fi ƙarancinsa kashe inji. A'a, yau kam sai dai ka yi fushi!"

Na tsaya ina haki. Sai na ga kafaɗarsa tana girgiza. Na zabura na zaci wani abu ne, ashe dariya yake. Dariya da rabin baki, ido ya cika da ƙwalla, yana nuna ni da yatsa. Ya ja numfashi, ya tattara bakin nan da ƙyar, ya ce:

"Na... kama... ki."

Na zauna daɓas a ƙasa. Na ce, "Ka karanta!" Ya gyaɗa kai. Na ce, "Ba tabarau?" Ya kwatanta yadda ya manna littafin a hanci. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni da nake ganin na iya shiri ashe kwana shida ana dafa ni a cikin ruwana. Kunya ta kama ni da na tuna sauran abin da na rubuta, har da rawar gaban kaji ma da bai kai ga gani ba. Na rufe fuska da hannu, na shafe ta da mai. Ya ƙara wata dariyar.

Na tashi na ƙarasa aikina, yanzu ba sauran ɓoyo. Na mayar da murfi, na zuƙe iskar da ta shiga, na buɗe bawul biyun, na rufe galan gam, na tayar da ita. Tsohuwa ta yi tari ɗaya ta kama, muryarta ta yi laushi. Muka ba ta kusan rabin awa, na sake haskawa: mai yana rawa a rabin gilashi, ya ɗan ɗara da kaɗan saboda bugun nan ɗaya da ya sa ni. Na nuna masa, na ce wannan laifinka ne. Bai nuna mini komai ba duk sauran aikin, kallona kawai yake.

Ina naɗe tiyo na ce, "To Malam, asiri ya tonu, na iya. Sai ka koma ɗaki ka huta, ni in riƙe." Da wasa na faɗa, amma abin da nake tsoro ke nan tun farko.

Ya girgiza kai. Ya nuna sufana a kan tabarma. Na miƙa masa ta hagu, ya ƙi karɓa. Ya nuna hannun dama, wanda yake kwance a cinyarsa tun ranar da aka dawo da shi. Na ɗora masa sufanar a tafin, shi kuma ya sa hagu ya lanƙwasa yatsun a kanta ɗaya bayan ɗaya, ya cije leɓe, ya saki. Ta zame ta faɗi ƙasa.

Na ɗago ina duban fuskarsa, ina jiran ya nuna ɗaki.

Ya ce, "Sake."

Na ɗauko na sake sa masa.